Kwalbar Firmin Ta Goma Sha Biyu

Matso kusa, jawo kujera ka zauna. In kana da abin sha a hannu, ɗan ture shi gefe, don labarin kwalba zan ba ka, kuma ban san da wane ido za ka kalli taka ba in na gama.

Ka taɓa bi ta layin bayan coci da misalin ƙarfe tara na safe? To, tsohon nan da kake gani zaune a dakalin Inna Zulma, da bargo a ninke bisa cinya da safar hannu irin ta masu walda, Firmin Goossens ke nan. Ba taɓin hankali ya samu ba. Jira yake yi.

Shekara talatin da takwas Firmin ya yi yana raba wasiƙu a keke, har sunansa ya ɓata, yaro da babba Masinja suke ce masa. Ya san ƙofar da ke da kare, ya san wadda sai an buga sau uku. Amma da za ka tambaye shi sana'arsa, giyar ceri zai ce maka. A wurin ubansa ya gaje ta, tare da gangar katako guda biyu da bishiya ɗaya a bayan gida, mai ƙananan baƙaƙen 'ya'yan cerin nan masu tsamin da ko tsuntsu sai ya yi shawara kafin ya sa baki.

Da sanyi yake dafa alkama da sha'ir, ya bar ruwan a buɗe a ƙarƙashin rufi ya kwana. Ba ya sa yis, iska ce ke kawo abin da zai tashe ta. Ta yi shekara a ganga. In watan Yuli ya kama, ya ɗura mata ceri da ƙwallayensa, ya cusa damin ƙirare a bakin gangar don kada ƙwallaye su toshe shi, kumfa ta samu hanyar fita. Daga nan sai haƙuri, wata uku, wata huɗu, har giyar ta cinye zaƙin cerin tas. Ubansa ya sha ja masa kunne cewa in ya rufe ta da sauran zaƙi za ta ci gaba da tashi a cikin kwalba, ita kuwa kwalba ba ta da damin ƙirare.

Doka ɗaya ce a ɗakin ƙasan da gangunan suke: ba a kashe gizo-gizo, ba a taɓa yanarsa. Su ne masu gadi. Su ke cinye ƙananan ƙudajen da ke bin ƙanshin ceri, waɗanda in suka samu giya sai su mai da ita ruwan tsami. Yanar ɗakin Firmin ta girmi aurensa.

Kowace shekara kuma, ranar bikin gari a tsakiyar Agusta, yakan ɗauki kwalba goma sha biyu daga giyar bara ya kai gida goma sha biyu, gidajen da suka riƙa ba shi kofi mai zafi a zamanin da yake yawo cikin ƙanƙara. Sai dai bara raɓa mai sanyi ta ƙone furannin bishiyar, ko ɗan ceri ɗaya bai tsinka ba. Ke nan bana ba shi da abin kaiwa. Abin yana cin sa, bai dai faɗa wa kowa ba.

Ana haka, ran nan ya tafi kasuwa. Matarsa Godelieve ta sauka ɗakin ƙasa ɗebo dankali, wani ƙaton gizo-gizo ya faɗo mata a gashi. Shekara arba'in da huɗu tana haƙuri, ranar haƙurin ya ƙare. Da Firmin ya dawo, bango fes, rufi fes, har ƙanshin sabulu yake yi.

Ya daɗe tsaye a matakala. Can ya ce, "Godelieve, ina mutanena?"

"Waɗanne mutane? Masu ƙafa takwas? Suna cikin bokiti, je ka yi musu addu'a."

"Kin kashe ni, matar nan."

"Ai kuwa ga ka a tsaye kana surutu. Wanke hannu, tsoho, miya na hucewa."

Kwana uku, ƙudajen suka iso. Da fari biyar ne, shida, suna shawagi a kan damin ƙirare. Kafin mako sun zama kamar hayaƙi. Firmin ya rufe bakin gangar da ƙyalle, suka bi ta gefe. Ya ajiye kwanon sukari don ya ja hankalinsu, suka sha suka gode, suka koma ganga. Kullum da safe yakan kafa hanci, sai ya ji kamar wani ɗan kaifi yana tasowa a ƙarƙashin ƙanshin cerin. Ko akwai shi da gaske, ko tsoro ne kawai, har yau shi kansa bai sani ba.

Ya ɗebo a kofi ya kurɓa. Ja ce kamar jini, ga daɗi, ga zaƙi. Zaƙin ne matsalar. Mako uku kacal da zuba ceri, giyar ba ta ci ko rabinsa ba. Ya sani sarai. Amma ya dubi ƙudaje, ya tuna saura kwana tara biki, sai ya ce a ransa ai kwalabensa masu kauri ne, zai kuma ɗaure toshiyar da waya biyu. Ya cika kwalba sittin a yini ɗaya.

Da niyyar ajiya ya cika su, a faɗarsa. Maƙwabcinsa Omer, mai kiwon tattabarun tsere, shi ya ɓata niyyar. Safiyar biki ya leƙo ta kan shinge.

"Masinja! Bana kuma wasiƙar ba da haƙuri za ka raba mana? Na ji an ce uwargida ta kori ma'aikatanka."

"Kai dai shirya kofinka, mai kashin tattabaru."

Haka ya loda goma sha biyu a kwandon keke ya bi gida gida. Kowa ya karɓa da hannu biyu.

Sai zafi ya sauko, irin wanda ba mu saba ba. Iska ta tsaya cak, kwalta ta riƙa kama takalmi, shanu suka daina kiwo suka tsaya a inuwa.

Ranar Litinin da tsakar rana suna shan miya, suka ji wani abu daga ƙarƙashin ƙafafunsu. Dum! Cokula suka yi ƙara a kan tebur. Godelieve ta dube shi. Bai dube ta ba.

Ya sauka. Bango ya yi ja, kumfa na gangarowa. Yana sunkuyawa ya duba, kwalba ta biyu ta tashi a gefensa. Bai ma ji zafi ba sai da ya ga hannun rigarsa ya jiƙe. A jikin ƙofar katako, daidai tsayin idonsa, wani yankin kwalba mai tsawon yatsa ya nutse har rabi.

Godelieve ta ɗaure masa damtse. Sai da ta gama ta ce, "Sha biyu, Firmin. Gidan De Smedt akwai jarirai. Hau kekenka ka gaya musu."

"Zan karɓo su."

"Cewa na yi ka gaya musu."

Ya saka riga mai dogon hannu ya ɓoye ɗaurin, ya zura safar hannu ta masu walda, ya shimfiɗa bargo a kwando. A kowace ƙofa magana ɗaya yake yi: toshiyar bana ba ta da kyau, a ba shi ya canja. Gida huɗu sun riga sun shanye tasu, sun ce ba a taɓa yin mai daɗinta ba, kumfa dai ta wanke musu tebur. Gida shida suka miƙo. A gidan De Smedt, ɗaya daga cikin shidan, a kan taga ya tarar da ita cikin rana, taku biyu daga gadon tagwaye. Omer ya ba da tasa yana kallon safar hannun.

"Toshiya, ko? Toshiya ce ta sa kake riƙe ta kamar wanda ya ɗauko maciji?"

Firmin ya sa ta a kwando. Sha ɗaya ke nan.

Gidan ƙarshe na Inna Zulma ne, tsohuwa mai shekara tamanin da shida, wadda idonta ya kusa tafiya gaba ɗaya. Ita kaɗai take zaune tun da ɗanta Wannes ya koma birni. Ta saurari zancen toshiya ta karkata kai.

"Ayya, ɗan nan, ai na shanye."

"Duka, Inna?"

"Tas. Kyauta kuma ana dawowa karɓarta ne? Uwarka ba haka ta koya maka ba."

Shekara talatin da takwas yana shiga gidan nan, bai taɓa ganin ta kai giya baki ba. Duk abin da aka ba ta, ajiye wa Wannes take yi. Ya san ƙarya ta yi masa, kamar yadda shi ma ya yi mata. Kalma kaɗan ce za ta raba gardama, amma Zulma ba ta riƙe zance, kafin la'asar duk gari zai ji cewa ɗan Goossens ya raba wa mutane abin da zai iya makantar da su. Ya ce mata sai an jima.

Talata ta wuce, Laraba ta wuce. A ƙasa kwalabe na tashi ɗaya bayan ɗaya, sun dai kulle ƙofar sun toshe ƙasanta da buhu. Waɗanda ya karɓo ya nutsar da su a bahon ruwa a bayan gida. Godelieve ta daina yi masa magana, sai dai ta ajiye abinci ta wuce. Safiyar Alhamis ɗaya ta tashi a cikin bahon, ta tsaga shi daga baki har gindi. Bahon ƙarfe, ka ji.

Ko hula bai ɗauka ba. Ya tarar da Zulma tana ɓarar wake. Ya durƙusa, ya kwance ɗaurin, ya kama yatsunta ya ɗora a kan raunin.

"Inna, taɓa ki ji. Ba toshiya ba ce. Na rufe ta ba ta nuna ba, fashewa suke yi. Don girman Allah, ina kika ɓoye ta?"

Yatsunta suka tsaya. Wake ya zube daga cinyarta.

"Wayyo, Firmin. Me ya hana ka faɗa ran Litinin? Ran Litinin tana cikin kabad ɗin can."

"Yanzu fa?"

"Na ji tsoro za ka dawo ka ƙwace. Na naɗe ta a tsofaffin safa, na sa a kwali, matar Omer ta kai mini gidan waya ran Talata. Wannes na aika wa."

Babu wanda ya kai Firmin sanin hanyar kwali. Buhu, mota, jirgin ƙasa mai zafi kamar tanda, a jefa nan a jefa can, a ƙarshe jakar wani masinja, manne da haƙarƙarinsa.

Gidan waya cike yake da mutane ranar. Firmin bai bi layi ba. Ya tsaya a tsakiya ya faɗi komai da ƙarfi, tun daga ƙudaje har baho, ya ɗaga hannu kowa ya ga raunin. Babu wanda ya yi dariya. Omer ma, da yake can yana sayen kan sarki, cire hularsa ya yi ya ce, "Zauna, Masinja, kafin ka faɗi." Aka buga waya nan, aka buga can. Aka samu Wannes a wurin aiki, ya ce shi bai ga kwali ba.

Sai da yamma aka gane dalili. Zulma da hannunta ta rubuta adireshin, wanda ta haddace, na gidan da Wannes ya tashi daga cikinsa shekara biyu da suka wuce. An je gidan, sun ce masinja ya zo da kwali, sun ce masa ba su san mai sunan ba, ya koma da shi. Daga nan babu wanda ya iya cewa ga inda yake.

Kwalin da bai samu mai shi ba, wurin wanda ya aiko yake komawa. Wani lokaci mako ɗaya, wani lokaci shida. In kuwa rubutun bayansa bai karantu ba, akwai ɗakin da ake tara irinsu, wata rana wani ma'aikaci ya sa wuƙa ya buɗe don ya ga na wane ne.

Shi ya sa Firmin yake zama a dakalin nan. Yau kwana goma sha tara. Yana tare sabon masinja tun daga kwanar layin, ya leƙa jakarsa, sannan ya bar shi ya wuce. Omer yakan ce masa ai kwalbar ta daɗe da fashewa a wani lungu, ko kuma ta huce. A ɗakin ƙasarsa akwai guda tara da har yanzu ba su tashi ba, kuma a yini ɗaya aka cika su da ita.

Shekaranjiya na ga Godelieve ta kamo gizo-gizo a lambu, ta rufe shi a kofi da tafin hannu, ta kai shi bakin ƙofar ɗakin ƙasa da ke kulle ta sake shi. Ba ta san ina kallo ba.

Zafin kuwa bai karye ba. An ce sai wani mako.

To, kai da kake sauraro, in gobe aka miƙo maka ɗan kwali mai nauyi, da rubutun tsohuwa wanda ba ya karantuwa, ka ji wani abu yana motsi a ciki, za ka iya hana hannunka girgiza shi?