Kuskuren da Muka Kamo a Soron Kaka

Shekarar da nake rubuta memwar, wato kundin binciken digirina na mastar, a soron kakata da ke unguwar Birni na yi aikin, domin ɗakin ƙasa ne, ya fi ko'ina sanyi a bazara. Mu biyu ne, ni da wani abokin karatuna ɗan Guna, ordinatar, wato kwamfuta, ɗaya muke rabawa.

Aikinmu gwada kompilatar, wato manhajar da ke juya abin da mai tsara manhaja ya rubuta zuwa abin da inji ke ganewa. Mukan sa ƙirƙirarriyar basira, irin wadda ake tambaya ta amsa da rubutu, ta rubuto ƙananan manhajoji masu murɗiya, mu ba kompilatar, mu jira ta yi tuntuɓe. Watanni ba ta yi ba. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, mu fita mu sha shayi, ya dawo, mu koma. Ordinatar in ta yi zafi sai mu ɗora ta kan faifan da ke rufe randa.

Kaka takan leƙo da fura ta ce, "Maigidana, har yanzu ba ku kama ɓarawon ba?"

"Da saura, Kaka."

Da ruwan shuka ya sauka abokina ya koma Guna taya mahaifinsa aiki. Yana can, wani hantsi, wata ƴar manhaja da ba ta cika tafin hannu ba ta ba da amsa iri biyu, alamar kompilatar ta yi tuntuɓe. Na sake gwadawa har na gaji, haka ɗin ne. Na kira shi, ina jin iska da muryoyin masu shuka a bayansa.

"Kada ka aika rahoton kuskuren sai na zo," in ji shi.

Washegari ya iso a kan babur, ƙafa duk taɓo. Tare muka rubuta wa masu kula da kompilatar. Amsarsu ta zo a taƙaice: kuskuren gaskiya ne, amma wani ya riga mu gani, har an gyara.

Abokina ya fashe da dariya, ya je ya sayo kilishi, muka ci da Kaka, tana ta sa mana albarka.

Mun gama memwar, mun ci. Shi yana koyarwa a Mirya, ni aiki ya kai ni Yamai. Kaka ta rasu bara waccan. In na je gida nakan zauna a soron, ko da ba ni da abin yi.