Hoton da Habboba ta ɗinke

Har yau in na ji ƙamshin gahawa da citta, sai safiyar nan ta dawo mini, kuma ba na jin za ta taɓa barin raina. Ranar ce ta ƙarshe ta karɓar takardun shiga wata kwalejin malamai a Sinja, ni kuwa ina ƙauyenmu na bakin kogi, inda mota ɗaya tak ke tashi da hantsi.

A saman takardar an rubuta da Turanci cewa a haɗa hoto. Kalmar Turancin, wato "attach", na san ta sarai. Malaminmu ya ce tana ɗaukar liƙawa da maƙalawa da ɗaurewa, har da shaƙuwar zuciya, wadda na fi so, ina ta saka ta a 'yan waƙoƙina. Amma gam ɗin da na saya ya bushe ƙamas a kwalba. Na shiga ɗaki, na fito, na leƙa maƙwabta, na dawo hannu rabbana. Direba sai danna oda yake.

Kakata, wadda muke kira Habboba, ta ajiye finjalin gahawarta. "Ke, wace zirga-zirga ce wannan kamar kaza za ta yi ƙwai? Miƙo nan."

Kafin in ankara ta zaro allura daga gefen mayafinta, ta ɗinke kusurwoyin hoton a jikin takardar da baƙin zare, irin ɗinkin da take wa laya.

"Wayyo Habboba, kin kashe ni! Takardar hukuma ce fa!"

"Hukumar ba ta sa riga? Abin da ake so ya zauna, ɗiyata, ɗinke shi ake yi."

Da na isa ofishin kwalejin, wani ma'aikaci ya juya takardar, ya ga ƙullin zare, ya kira abokin aikinsa suka yi ta dariya, sannan ya jefa ta cikin tari. Wata biyu na yi ba ni da sukuni, gaisuwa kawai ke haɗa ni da tsohuwar. Da sunana ya fito cikin waɗanda aka ɗauka, sai na ce sa'a ce.

Yanzu na san sanin ma'anar abu daban, iya yin sa daban. Sai bayan rasuwarta wata ma'aikaciyar kwalejin ta gaya mini cewa rufin ofishin ya yi yoyo a daminar nan, laima ta ɓamɓare hotuna da dama, aka ajiye takardunsu gefe. Nawa yana nan daram.