Kafintan Bencin Baya

Ranar da aka zo kiran Kafinta, tun safe ake yayyafi, irin wanda ba ya ƙarfi ba ya kuma ɗaukewa. Yana cikin rumfarsa yana goge ƙafar tebur, sai ga wata mata da leda a ka. Ta ce akwatin gawa take so, wani ɗan haya ne ya rasu a gidanta, ba shi da kowa. Ya ɗauki abin awo ya bi ta.

Shi Kafinta mai i'ina ne tun yana yaro, don haka ya saba da yin shiru. Shekara da shekaru yana zuwa coci, kullum bencin baya kusa da ƙofa, ana cewa amin ya sulale. Matarsa, wadda ke cikin mawaƙa, takan tsokane shi.

"Baban yara, kai da bencin nan ban san wanda ya fi wani magana ba."

"Be-bencin ya fi ni," in ji shi. "Shi yana ƙara."

A cocin nan akwai yadda ake yi. Kafin addu'ar rufewa fasto yakan tambaya, "Wa ba mu gani ba yau?" Wanda ya lura sai ya miƙe ya faɗa, da yamma dattawa su je dubiya. Wanda ba a ambata ba kuwa, an ɗauka lafiyarsa ƙalau.

Abokin zamansa a bencin wani tsoho ne mai gyaran agogo. Ba sa hira. Littafin waƙa ɗaya suke riƙewa, kowa da gefensa, iyakar zumuncin ke nan. Wata Lahadi tsohon bai zo ba. Fasto ya yi tambayarsa, Kafinta ya ji kalmar agogo ta tokare masa a wuya, ya hango a zuci yadda 'yan matan mawaƙa za su rufe baki suna dariya. Ya ce a ransa, wani zai faɗa. To wa ke waiwayen bencin baya? Lahadi ta zo ta wuce, wata ta zo ta wuce. Ko matarsa bai gaya wa ba, ya lallashi kansa cewa tsohon tafiya ya yi.

Da matar da ta zo kiransa ta tura ƙofar ɗakin mamacin, agogunan mutane ya fara gani a kan tebur, wasu na tafiya, wasu sun tsaya. Sannan ya ga fuskar, tsohon nan ne abokin zamansa. A jikin bango ga farar rigar Lahadi a rataye, an goge ta. Ga kujeru biyu an jera su suna kallon ƙofa.

"Kujerun nawa ne," in ji matar. "Duk Lahadi da yamma sai ya ce, 'Uwar gida, ara mini kujeru, 'yan cocinmu za su zo.' Na ce masa, Baba, su wane ne za su zo? Ya ce akwai wani bawan Allah da suke zama tare, ba zai rasa faɗa ba."

Kafinta ya auna tsawo, ya auna faɗi. Sai da ya sake awon.

Lahadin da ta biyo bayan jana'izar, fasto ya tambaya, "Wa ba mu gani ba yau?" Kafinta ya dafa benci ya miƙe. Wata mai sayar da gawayi ce ba ta zo ba. Ya daɗe yana fama da kalmar, gumi na bin wuyansa. Wata a cikin mawaƙa ta yi dariya, kamar yadda ya zata. Bai zauna ba sai da maganar ta fita. Da yamma ya bi dattawa, suka tarar da matar kwance da zazzaɓi, ko ruwa babu a randarta.

Tun daga nan a tsaye yake ibada, a bakin ƙofa, yana bin benci benci da ido. I'inar ba ta bar shi ba. Matarsa ta ce har yau in ya ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya aka yi jinkirin amsawa, sai ta ga leɓensa ya bushe.

Yanzu ya tsufa, ya bar wa babban ɗansa rumfar. Yana nan a cocin, shi ke gaban masu zuwa dubiya.