Ranar da Na Nuna wa Duniya Hannun Baba

Ko me zan manta a zamana na Kano, ban da Lahadin da na ɗaga waya ina ɗaukar bidiyo ana tsakiyar sujada. Shekaru sun shuɗe, amma har yau abin yana faɗo mini a rai.

Cocinmu ɗan ƙarami ne a Panshekara. Yawancinmu daga kudancin Kaduna da Filato muka fito, aikin kamfani ya kawo mu. Ni lokacin ina wani kamfanin roba a Sharada, kuma ni ce sakatariyar matasa, ga baki ga rawar kai. Ni na matsa wa Fasto lamba sai mun buɗe shafin Fesbuk. Na ce mutanenmu da suka koma gida bayan an rufe kamfanoninsu a Bompai suna kewarmu, ga kuma waɗanda aikin Lahadi yake hana su zuwa. Shugabar zumuntar mata ta harare ni ta ce, "Ke dai ba kya zama lafiya. Yaushe sujada ta zama abin kallo?" Na ce a raina tsufa ne ke damunta. Fasto dai ya amince.

Da farko hotuna nake sawa, sai waƙoƙin zumunta. Da na ga ana yabawa sai kaina ya kumbura, na ce wannan makon kai tsaye za mu nuna sujada, daga farko har ƙarshe.

To, a cocinmu akwai lokacin shaida kafin wa'azi. Mai damuwa ya tashi ya faɗi damuwarsa, a yi masa addu'a, maganar ta mutu a ɗakin. Ba a rubuce dokar take ba, amma kowa ya san ta. Ni ma na sani sarai, zumuɗi ne ya hana ni kashe wayar.

Wani dattijo da muke kira Baba ya miƙe. A wani kamfanin fata yake aiki a Challawa, sashen da ake jiƙa fatu cikin sinadari. Duk shekarun da ya kwashe a can bai wuce lebura na wucin gadi ba, kowace Litinin sai an kira sunansa a bakin get kafin ya shiga. Da wannan aikin yake ciyar da mata da yara. Ya ɗaga hannayensa biyu. Fatar duk ta tsattsage, farata sun yi baƙi.

"'Yan'uwa, ku taya ni da addu'a," in ji shi. "Safar hannu ta ƙare mana tun kafin Ista, an ce mu yi haƙuri. Ba ƙara na kawo ba, na gode wa Allah da aikin. Tuwo ne dai ba na iya ci da hannuna."

Ni kuma, Allah ya yafe mini, sai na matsa kusa da shi da wayar don a gani da kyau.

Kafin yamma an yanko wurin daga bidiyon, yana ta yawo. Wani ya rubuta sunan kamfanin a ƙasa, mutane suka yi ta zagi. Ni ko ina ta murna, wai shafinmu ya samu karɓuwa. Kaico!

Ran Litinin ba a kira sunan Baba ba. Shugaban leburori ya nuna masa waya ya ce, "Tunda kana da masu jin kukanka, je ka su ba ka aiki."

Na goge bidiyon, amma magana zarar bunu ce. Sau biyu Fasto da dattawa suna zuwa roƙo, ko get ba a bari sun wuce ba. Baba ya zaga sauran kamfanonin fata, duk sun riga sun san fuskarsa. Masu rubuta "Allah ya saka maka" kuwa, ko mutum ɗaya bai nemi inda yake ba.

Na je gidansa na durƙusa, kuka ya hana ni magana. Da ƙyar na ce, "Baba, ku yafe mini."

"Tashi, 'yata, na yafe," ya ce. "Ni dai da Allah da 'yan'uwana na yi magana. Ban san da baƙi a ɗakin ba."

Da ma zagina ya yi, da na fi samun sauƙi.

Kafin damina ya cire yaransa daga makaranta suka koma ƙauyensu a Filato, da hannun da ba ya iya riƙe fartanya. Ban sake ganinsa ba. A coci kuma, in Fasto ya ce lokacin shaida ya yi, sai kowa ya sunkuyar da kai. Ko na ajiye wayar a gida, babu mai tashi. Har na bar Kano haka abin yake.

Abin da na koya, a makare, shi ne kukan da mutum ya yi a gaban 'yan'uwansa amana ce ya ba su. Tambaya ɗaya ce ban yi ba, "Baba, in ɗauka?" Rashin yin ta ne ya raba bawan Allah da abincinsa.