Satin da Tallar Katifa ta Rufe Sanarwar Rasuwa

Ko na tsufa har na manta lambar motata, ba na jin zan manta satin da wani gidan radiyo na yankinmu ya canza fuskar shafinsa na intanet, har ya kusa raba ni da surukina.

Ni direban kamyon ne, siminti nake ɗauka daga Malbaza in kai Agadas. In ka yi nisa muryar radiyon ba ta kai maka, sai dai shafin a waya. Abu ɗaya kuma nake nema a ciki: sanarwar rasuwa. A da, kana buɗewa ita ce a sama. Har ya zama ni ke kiran matata daga hanya in ce, "Wane ya rasu a Illela, ki shirya ki je gaisuwa." Ita kuma ta ce, "Kai da ke Agadas ka fi mu na gida jin labari." Ni kuwa in yi ta hura hanci.

Wata safiya na buɗe, sai na ga shafi ya sha kwalliya kamar amarya. Hotuna na ta zamewa, ga tallar babur, ga ta takin zamani. Sanarwar rasuwa kuwa ko sama ko ƙasa. Na ja, na ja, yatsana ya faɗa kan babur, ya kwashe ni ya kai wani wuri, katin wayata ya ƙare a banza. Da abin ya ishe ni sai na ce, to alhamdu lillahi, ba wanda ya mutu ke nan.

Ashe yayan surukina ya rasu a wani ƙauye bayan Dogarawa. Matata ta faɗa taksi a gurguje, can kuma babu rezo, waya ba ta shiga, ba ta ma damu da ta aiko min ba, tunda ta san ni ne sarkin jin labari. Ko da na dawo an tashi daga zaman makoki. Duk mazajen 'ya'yan gidan sun zo ko sun kira, ban da ni.

Na je na durƙusa gaban tsohon, na yi gaisuwa, ya amsa a daƙile. Na zaro waya zan yi bayani, ya ɗaga min hannu ya ce, "Waya na ba ɗiyata ko kai?" Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige.

Daga nan ban zame ko'ina ba sai buron radiyon, wato ofishinsu, a Konni, raina a ɓace. Aka haɗa ni da matar da ke kula da shafin. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, ta bari sai da na gaji, sannan ta ce, "Malam, yi haƙuri, nuna min yadda kake nema." Na nuna mata. Ta taɓa wasu 'yan layuka uku a lungun sama ta ce, "Ai nan muka mayar da ita." Na ce, "Haba Hajiya, wa ya gaya min wannan zanen ƙofa ce?"

Ta buɗe sanarwar. Sunan mamacin na fitowa sai ga tallar katifar amare ta faɗo a kansa, har da kiɗan kalangu. Ta yi salati ta kife wayar. Can ta ce, "Gaskiya wannan bai dace ba. Amma Malam, talla ce ke biya mana wuta." Na ce, "Ban ce ki cire ba. Ko a gari mai katifa ba ya baza hajarsa a ƙofar gidan makoki." Ta yi 'yar dariya, ta ce ba ni ne farko ba, 'yan ci-rani tun daga Abijan suna ta kira suna faɗa.

Ba a jima ba suka gyara. Sanarwa ta koma sama da manyan baƙaƙe, ba talla kusa da ita. Babur da katifa suka koma wajen labarin ƙwallo, kowa ya huta.

Gab da damina ina Abalak na ga a shafin ƙanwar tsohon ta rasu. Na gangara gefen hanya na kira shi nan take. Ya ɗauka ya ce, "Kai ne? Ko gawa ba a ɗauka ba. Allah shi yi ma albarka, ɗana." Tun da na auri ɗiyarsa bai taɓa kira na haka ba.

Abin da na koya shi ne, in an ɓata maka abin da kake amfani da shi, je ka gaya wa masu shi, sau da yawa ba su sani ba ne. Amma zumunci a ƙafa yake. Yanzu duk Juma'a sai na kira tsohon, ba na jira sai an mutu.