Zoben Kakata a Cikin Auduga

Jiya wata motar auduga ta wuce ni a hanyar Funtua, ƙamshinta ya bugi hancina, sai ga ni a tsakar gidanmu na Tsiga, shekarar da kakata ta hana a sayar da audugarta.

Tana da wani siririn zoben zinariya da marigayi kakanmu ya sa maƙeri ya yi mata, da rubutun ajami ta ciki. Ba ta iya karatu ba, kuma ba ta taɓa bari kowa ya leƙa ba. Da kaka, ranar da aka gama ɗura audugarta a buhuna, ta duba yatsa, wayam. Tsufa ya ramar da ita, zoben ya sulale.

Washegari masu saye suka iso da mota. Kakata ta hau kan buhu ta zauna.

"Inna, auduga ta yi daraja bana," in ji Baba. "Zan sayo miki wani a Malumfashi."

"Da rubutun ubanka a ciki?"

Mota ta tafi.

In kuna neman taurin kai, to ga uwarsa. Ta fito da dutsen gurza da ɗan ƙarfensa, ta ce da hannu za ta raba audugar da irinta, sai zoben ya fito. Buhu bakwai fa! Maƙwabta suka ce tsohuwa ta ruɗe. Ni kaina na ji haushinta, don da audugar za a yi mana kayan salla. Kullum tana gindin mangwaro tana murzawa, har sanyi ya wuce, zafi ya shigo, tafinta ya yi kanta.

Wani hantsi, a buhu na shida, ƙarfen ya ce ƙyas.

Matan gida suka rangaɗa guɗa. Ita kuwa ta goge zoben da bakin zane, ta miƙa wa Baba. "Karanta, kowa ya ji."

Ya juya shi a rana, kunya ta kama shi. Da ƙyar ya ce, "An rubuta: inda kike, nan ne gida."

Ta yi dariya har da hawaye. "Haka ubanka ya ce mini an rubuta. Ashe bai yi mini ƙarya ba."

Yau babu mai gurza da hannu a Tsiga, inji ke yi. Zoben yana wurina. 'Ya'yana sun ƙware a boko da waya, amma ajami sai na karanta musu, kuma da ƙarfi nake karantawa.