Kunnen da Baba Ya Bar wa Injin

Babanmu mai tsaga katako ne, kuma tun ina yarinya ba a magana a gidanmu sai da ƙarfi. Na tashi ina zaton kowane gida haka yake, sai da na yi aure mijina ya tambaye ni laifin me ya yi nake masa ihu. Ƙarar injin zarto ce ke cinye wa Baba kunne a hankali, shi kuwa rantsuwa yake yi cewa mutanen yanzu ne ba sa buɗe baki in suna magana.

Da furfurarsa ya shiga ajin manya, wai ya gaji da a riƙa karanta masa saƙon waya. In ya tashi daga aiki sai ya je ya naɗe a kan bencin yara, gwiwa na neman taɓa haɓa, tsakanin wani mai walda da Iya mai injin niƙa. Wata rana malamarsu ta ajiye alli ta ce yau darasin lafiya a wurin aiki za a yi. Ta bi bayan kowa tana raɗa masa sunansa. Da ta zo kan Baba ko gezau bai yi ba, aji ya kwashe da dariya. Sai ta ce musu in dai sai ka ɗaga murya kafin na kusa da kai ya ji ka, to ƙarar wurin tana kashe kunne, kuma abin da ya mutu ba ya dawowa.

Haushi ya kusa kashe ni. Mamanmu ta faɗa har bakinta ya gaji, ni ma na faɗa, amma sai da Malama ta faɗa maganar ta zama gaskiya.

Duk da haka na yaba musu. Ɗaliban suka haɗa kai suka je wurin aikin Baba, suka ja mai wurin har gindin injin yana tsaka da aiki. Iya mai niƙa ta hau gaishe shi a natse, tana tambayar iyalinsa ɗaya bayan ɗaya, bawan Allah yana ta "Na'am? Me kika ce?" har ya gane abin da ya kawo su. Ba a jima ba ya sayo wa kowa marufin kunne, mai kama da kofi biyu da maɗauri. Daga nan Baba ya zama ɗan sandan kunne. Duk wanda ya rataya nasa a wuya sai ya sha faɗa.

Rannan na biya ta wurin, na tarar da ɗan sandan namu a bakin injin, garin katako har gira, ya ture marufin hagu bayan kunne. Na tsaya a gabansa na riƙe ƙugu har ya kashe injin.

"Baba, don Allah mene ne wannan? Kai da ka tara jama'a a kan abin nan!"

"Uwata, zarto da kunne ake gane shi," ya ce. "In haƙori ya dakushe, ko katako ya maƙe, kukansa ke fara canjawa kafin ya yi tsalle. In na toshe duka biyun, hannun Dogo fa?" Ya nuna abokin aikinsa mai karɓar katako a ɗaya gefen.

"To kunnenka fa?"

"Ai na raba su. Na hagun da ma ya yi nisa, na bar wa injin. Na daman naku ne."

Na yi faɗa, na yi kuka, na kai ƙararsa wurin Malama. Yanzu ajin ya koma kan mai wurin, wai lallai sai ya sa wa zarton kariya ya kuma riƙa wasa shi a kan kari, shi kuma kullum sai ya ce gobe. Baba dai yana nan da kunnensa a buɗe.

Jiya muka je gida. Ƙaramar 'yata ta haye cinyarsa ta hagu, ta kafa baki a kunnensa tana raɗa masa wani sirri nata. Ya yi murmushi yana gyaɗa kai, na kuwa san bai ji komai ba. Na ɗauke ta na mayar da ita dama, na ce ta sake faɗa wa kakanta.